Rigar da Barnaba Ya Yanka

Barnaba, Disamba ta iso Garwa.
Motocin auduga sun fara ƙetare gada,
suna zubar da furfura a bakin kwalta.
A Yelwa kowane tela a zaune yake kwana,
shagonmu kaɗai ke rufe ido da magariba.

Wata biyar ke nan kekenka bai yi tari ba.
Na lulluɓe shi da zanen da na ɗaura ran jana'iza,
ina shara ina kewaye shi
kamar mai tsoron taka kabari.
Allinka na kan taga, guntu.
Igiyar awo na rataye a ƙusa,
tana jiran wuyan da ba zai dawo ba.

Mutane sun ce haƙuri, na ce na gode.
Fasto ya ce kana inda babu ciwo.
Na yarda.
Amma ni ina inda yake.
In mawaƙan coci suka fara gwaji da yamma
sai in ja ƙyaure, in ƙara wa murhu ice,
don in samu hayaƙin da zan ɗora wa laifi.

Na riga na yanke: bana babu Kirsimeti a gidan nan.
Babu shinkafa, babu kaza,
kada kowa ya aiko min da kwano.

Saura kwana huɗu, ina neman almakashi,
na zazzage kwandon ƙyallaye,
sai ga ƙunshi, an ɗaure da bakin atamfa.
Shuɗin yadi. Gaba, baya, hannu biyu, wuya.
A ciki da alli, da rubutunka mai kama da tafiyar kaza:
Keziya.

Tun damina ka yanka ta, kana wannan tarin.
Na kara a jikin yarinyar tana barci,
na tuna tsawonta a watan da ka kwanta,
na ga ka ƙara yatsu huɗu.
Kai da numfashi ke ƙare maka,
ka zauna kana lissafin yadda 'yarka za ta girma.
A nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta,
har bakin yadin ya jiƙe.

Sali, abokin gardamarka na shagon gaba,
ya shigo bayan sallar isha da ɗan kwalban mai.
Bai yi min wa'azi ba.
Ya ɗiga a gaɓoɓin keken, ya zura zare,
ya ce, taka a hankali, ya san hanya.
Na ce ka ɗinka mana mana.
Ya ce a'a, wannan ba ɗinkina ba ne.

Na karya allura biyu.
Na farke hannun hagu sau uku.
Kalmasa ta tafi a karkace kamar Binuwai a rani.
Amma da keken ya kama murya,
Keziya ta farka a firgice ta ce, Baba?
Muka dubi juna.
Ban san wadda ta fara dariya ba.

Daren jajibere ta tsaya a layin yara,
kyandir a hannu, kakin na ɗiga a yatsunta.
Rigar ta zauna mata cif, Barnaba.
Ko yatsa ɗaya ba ka yi kuskure ba.
Da aka karanta yadda uwar nan ta naɗe jaririnta da tsumma
don babu wuri a masauki,
na ce ashe ita ma da abin da ta samu ta yi.

Ban warke ba, kada in yi maka ƙarya.
Kujerarka har yanzu tana kallona.
Amma da safe na dafa shinkafa,
na aika wa Sali kwano,
na bar ƙyauren shago a buɗe.
Guntun allinka kuwa na sa a aljihu.
Akwai wandon yaron makwabta da ke son a rage masa tsawo.